Yalwar Arziki Ba Tare da Ƙaruwar Hayaƙi Ba

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Bayan haka, an daɗe ana zaton duk ƙasar da arzikinta ya yalwata, tilas hayaƙinta ya ƙaru, wato iskar nan da ke fita daga ƙona kwal da man fetur da gas, wadda ke riƙe zafi a sararin samaniya har duniya ta ɗumama. Wannan zato bai tabbata a ko'ina ba.

Birtaniya ta rage hayaƙinta da kusan rabi tun daga 1990, alhali arzikinta ya ƙaru. Babban dalili shi ne barin kwal: a 2012 kusan kashi 40 cikin ɗari na lantarkinta daga kwal ne, amma ran 30 ga Satumba 2024 ta rufe tasharta ta kwal ta ƙarshe.

Sai dai adalci ya wajaba a lissafi. Kayayyaki da yawa da Turawa ke amfani da su a Sin ake ƙera su, kuma a can ake ƙirga hayaƙinsu.

Shari'a ba ta hana neman dukiya ba. Abin da ta hana shi ne almubazzaranci da cutar da wani, hayaƙi kuwa yana cutar har wanda bai hura wutar ba. A kan haka ne malaman Musulmi suka yi kira a Istanbul, a Agustan 2015, ga ƙasashe masu arzikin mai da su ja gaba wajen rage shi. Allah Shi ne Mafi sani.