Kafin a Ɗauki Bulala Kan Fitsarin Kwance

A aikina na jinya a sashen yara, da wuya uwa ta zo asibiti saboda fitsarin kwance kaɗai. Zazzaɓi ko tari ne ke kawo ta. Sai an gama, ta ɗauki katinta ta goya ƙaramin, sannan ta juyo ta rage murya: "Sista, ga wannan babban kuma, har yanzu yana jiƙa mana katifa. Na yi dukan, na yi faɗan, abin ya ƙi." Yaron yana tsaye a gefe, kansa a ƙasa, ya ji komai.

Tambayata ta farko shekarunsa nawa. Idan bai cika biyar ba, a likitance ma ba a kiran abin matsala, domin mafitsara da ƙwaƙwalwa ba su gama fahimtar juna ba tukuna. A cikin yara 100 masu shekara biyar, kusan 15 suna fitsarin kwance, kuma maza sun fi mata. Kowace shekara kusan 15 cikin 100 na masu yi suna dainawa da kansu ba tare da magani ba, har a kai shekara 15 ya rage mutum 1 ko 2 kacal cikin 100.

Tambaya ta biyu ita ce mai sa iyaye dariyar kunya: ke ko maigidan, akwai wanda ya yi yana yaro? Abin yana bin jini. Idan ɗaya daga cikin iyaye ya yi, kusan yara 4 cikin 10 za su yi. Idan duka biyun ne, kusan 3 cikin 4. Sau da yawa kakar da ta rako su ce take fasa ƙwan, ta ce ai ubansa sai da ya shiga firamare ya daina. To mai riƙe da bulalar shi ne ya ba da gadon.

Ba lalaci ba ne, ba kuma ganganci ba. Da daddare jiki yana sakin wani sinadari da ke sa ƙoda ta rage fitsari. A wasu yaran sinadarin bai fara fita yadda ya kamata ba, ga nauyin barci, mafitsara ta cika ba su farka ba. Wanda ke barci bai san ya yi laifi ba, balle duka ya gyara shi. Tara masa yaran unguwa su yi masa waƙa, ko shanya tabarmarsa a ƙofar gida don kowa ya gani, abin da suke koya masa kawai shi ne ɓoye wando a ƙarƙashin gado da tsoron zuwa kwana gidan dangi.

Akwai kuma dalilin da iyaye ba sa kawowa a rai: taurin bayan gida. Ƙarshen hanji yana bayan mafitsara ne daf da ita. Idan kashi ya taru ya yi tauri, sai ya danne ta, ta kasa ɗaukar fitsari mai yawa. Me ke sa yaro riƙe kashi? Ramin masai mai faɗi da duhu, wanda babba ma sai ya yi hankali. Banɗakin makaranta da ba ya shiguwa don ƙazanta, ko babu shi sam. Ko kuma ya taɓa yi da zafi, sai ya ƙi sakewa, ya riƙa maƙalewa a lungu yana matse ƙafafu. Wani har ruwan kashi ke ɓullo masa a wando, uwa ta ɗauka gudawa ce, alhali ciki ne ya cushe. Na ga yaran da gyaran cikinsu kaɗai ya busar da shimfiɗarsu. A ba su ruwa sosai da rana, da gwanda, mangwaro, wake, zogale da miyar ganye. Bayan karin kumallo a ɗora yaro a fo na kamar minti 5, ƙafafunsa a ƙasa, ba tsawa, domin lokacin ne hanji ya fi motsi. A juye fon a masai, a wanke hannu da sabulu, na uwa da na yaro. Kashin yaro ma yana ɗauke da ƙwayoyin gudawa.

Da yamma a rage abin sha, musamman shayi da lemon kwalba, a tabbatar ya yi fitsari kafin ya kwanta. A gidajenmu banɗaki yana can ƙarshen tsakar gida, ga duhu idan an ɗauke wuta, saboda haka a ajiye masa fo da tocila kusa da shimfiɗa. A sa leda a kan katifa. Da safe ya taya cire zanin gado, a matsayin aikin gida, ba horo ba. Idan ya girma abin bai tsaya ba, musamman mai shirin makarantar kwana, akwai magani, amma likita ne zai rubuta.

Banda masu sikila a batun rage ruwa. Ƙodarsu tana fitar da fitsari mai yawa, don haka fitsarin kwance ya yi yawa a cikinsu, kuma hana su ruwa na iya tayar da ciwon.

Wasu alamu kuwa ba a jira da su. Yaron da ya yi wata 6 ko fiye ba ya yi, sai ya dawo yi. Wanda ke yawan ƙishirwa da yawan fitsari yana ramewa, domin ciwon suga yana kama yara. Zafi lokacin fitsari ko zazzaɓi tare da shi. Jini a ƙarshen fitsari, wanda a garuruwan da yara ke wanka a rafi da dam yawanci tsargiya ce, kuma tana da magani. Wani lokaci kuma jiki lafiya lau, hankalin yaron ne a tashe: an yi masa ƙani, an kai shi riƙo, ko wani yana cutar da shi ya kasa faɗa. A zauna da shi a tambaye shi cikin lallashi.

Iyaye, idan kun ga ɗaya daga cikin waɗannan, ku kawo shi a gwada fitsarinsa. Kuma don Allah, in za ku yi mana bayani, kada ku yi a gaban 'yan'uwansa.