BABI NA BAKWAI: INSHA'IN KWATANCE DA MA'AUNIN FIFITA ABU A KAN ƊAN'UWANSA

7.0 Gabatarwa

Daga cikin nau'o'in insha'in da ake buƙatar ɗaliban sakandare su iya rubutawa akwai insha'in kwatance, wato wanda ake ɗauko abubuwa biyu ko fiye masu yin aiki iri ɗaya a auna su, a nuna inda suka yi tarayya da inda suka bambanta, sannan a yanke hukunci. Malaman da suka daɗe suna duba takardun jarrabawa sun san cewa ɗalibai suna yawan tuntuɓe a nan. Sau da yawa ɗalibi yakan zaɓi gwaninsa tun kafin ya ɗora alƙalami a kan takarda, ya cika shafi da yabonsa, ya bi ɗayan da kushe. A wannan babi za a dubi yadda Hausa take gina jimlar kwatance, sannan a kawo misalai huɗu daga likitanci da fasaha da kimiyya da tarihi. Abin da ake son ɗalibi mai shirin zama malami ya riƙe shi ne, ba a cewa abu kaza ya fi abu kaza sai an ambaci ma'aunin da aka yi awon da shi, da kuma wuri da lokacin da aka yi shi.

7.1 Jimlar Kwatance a Hausa

Hausa ba ta liƙa ɗafi a jikin sifa domin nuna fifiko, kamar yadda wasu harsuna suke yi. Da aikatau take yin wannan aiki, musamman fi da kai da ɗara. Misali:

(1) Doki ya fi raƙumi gudu.
(2) Raƙumi ya fi doki jure ƙishirwa.
(3) Jaki bai kai doki tsada ba.
(4) Ruwan bana ya kai na bara yawa.
(5) Ladi ta ɗara Kande tsawo.

Idan aka lura za a ga kowace jimla tana da gurbi huɗu: abin da ake kwatantawa, da aikatau, da abin da ake kwatanta shi da shi, sannan ma'auni, wato gudu ko tsada ko yawa ko tsawo. Jimla ta (1) da ta (2) duk gaskiya ne, ko da yake wanda ya yi fifiko a ta farko shi aka fi a ta biyu. Gurbi na huɗu ne ya canza. Ke nan wanda ya ce "doki ya fi raƙumi" ya yi shiru, ya bar mai sauraro da tambayar "ya fi shi me?" Nahawun harshen da kansa ya tanadi wurin ma'auni, kuma aikin malami shi ne ya hana ɗalibi barin wurin nan fanko.

7.2 Sharuɗɗan Kwatance

Kafin a yarda da kwatance, ana buƙatar ya cika waɗannan sharuɗɗa:

(a) Abubuwan da ake aunawa su kasance an yi su ne domin aiki ɗaya.
(b) A auna kowannensu da ma'aunin da aka auna ɗan'uwansa.
(c) A bayyana wuri da zamanin da hukuncin ya shafa.
(d) A rarrabe tsakanin abin da ya yi rinjaye da abin da ya fi inganci, domin ba kullum ba ne su biyun suke haɗuwa.

7.3 Misali daga Likitanci: Rigakafin Shan Inna

Rigakafin cutar shan inna iri biyu ne. Na farko shi ne na allura, wanda Jonas Salk ya haɗa a Amurka, aka sanar da ingancinsa a 1955. Da matacciyar ƙwayar cutar ake yin sa. Na biyu shi ne na ɗigo a baki, wanda Albert Sabin ya haɗa, aka fara amfani da shi sosai a farkon shekarun 1960. Shi kuma da ƙwayar cutar mai rai ake yin sa, amma wadda aka raunana.

Idan aka ɗauki ma'aunin sauƙi da araha, na ɗigo ya fi. Duk wanda aka ba horo na ɗan lokaci zai iya ɗiga wa yaro ɗigo biyu a ƙofar gidansu, alhali allura tana buƙatar ƙwararren ma'aikacin lafiya da sirinji mai tsabta, ga ta da tsada. Haka kuma na ɗigo yana gina kariya a cikin hanji, inda ƙwayar cutar take hayayyafa, saboda haka ya fi ƙarfin katse yaɗuwarta daga yaro zuwa yaro. Amma idan aka koma ga ma'aunin haɗari, na allura ya fi aminci, domin matacciyar ƙwaya ba ta iya shanye ƙafar kowa. Ita kuwa raunanniyar ƙwayar da ke cikin ɗigo, a wuraren da yara da yawa ba su sami rigakafi ba, takan daɗe tana yawo a tsakaninsu har ta sake yin ƙarfi. Maganin wannan matsala shi ne rigakafin ya kai ga kowane yaro, domin a jikin waɗanda aka tsallake ne ƙwayar take samun mafaka.

To, wanne ya fi? Amsar ta danganta ga wuri da lokaci. A 1988, lokacin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗaura yaƙin kawar da cutar, an ƙiyasta tana shanye yara wajen 350,000 a shekara a ƙasashe 125, kuma da ɗigo aka yi galibin yaƙin. Amurka, wadda ta riga ta rabu da cutar, ta koma amfani da allura kaɗai a shekarar 2000. Nijeriya kuwa ta shigar da allurar cikin rigakafin yau da kullum a 2015, ba tare da ta bar ɗigo ba. An ga asalin ƙwayar cutar a karo na ƙarshe a ƙasar a Jihar Borno a 2016, kuma a ranar 25 ga Agusta, 2020 aka tabbatar da cewa yankin Afirka na hukumar ya rabu da ita. Ɗalibin da ya rubuta cewa "allura ta fi ɗigo" ya tsaya nan, bai yi wa ɗaya daga cikinsu adalci ba.

7.4 Misali daga Fasaha: Faɗin Layin Dogo

Ana auna layin dogo da tazarar da ke tsakanin ƙarafansa biyu. Layin da Turawan mulkin mallaka suka shimfiɗa a Nijeriya, wanda ya iso Kano a 1911, tsukakke ne, faɗinsa milimita 1,067. Layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, da na Ikko zuwa Badun da aka buɗe a 2021, faffaɗa ne, milimita 1,435, wato awon da ya fi yawa a duniya.

Tsukakken layi ya fi arahar ginawa, kuma yana iya bin lanƙwasa mai tsanani ya kewaye dutse ko kwari maimakon a fasa ko a cike. Faffaɗan layi kuwa ya fi ɗaukar gudu da manyan taragai. Turawa sun zaɓi tsukakke ne saboda buƙatarsu ita ce su kwashe gyaɗa da auduga da fatu da kuza zuwa bakin teku da ɗan kuɗi kaɗan. A wannan ma'auni zaɓinsu ya biya su. A ma'aunin matafiyin yau, mai son ya je Abuja daga Kaduna ya dawo a yini ɗaya, faffaɗan ya fi. Akwai kuma farashin da ba a gani sai daga baya: jirgin da aka ƙera domin layi ɗaya ba ya hawa ɗayan. Darasin da ke nan shi ne, a riƙa tambayar wane ne ya zaɓi ma'aunin, kuma amfanin wa ya duba.

7.5 Misali daga Kimiyya: Lissafin Shekara

Shekarar rana, wato tsawon lokacin da yanayi yake ɗauka ya zagayo, kwana 365 ce da ɗan abin da bai cika rubu'in kwana ba. Kalandar da Yuliyas Kaisar ya kafa a Rum ta ɗauke ta a matsayin kwana 365 da rubu'i cif, wanda ya zarce gaskiya da kimanin minti 11 a shekara, wato kwana ɗaya a cikin shekara 128. A 1582 Paparoma Giregori na 13 ya gyara ta: aka tsallake kwana 10, ranar 4 ga Oktoba ta wayi gari 15 ga Oktoba, aka kuma ƙa'ide cewa shekarar da ta cika ƙarni ba za ta sami ƙarin kwana ba sai in tana rabuwa da 400. Shi ya sa Fabrairun 1900 ya yi kwana 28, na 2000 ya yi 29. A nan ana iya yanke hukunci kai tsaye, domin kalandun biyu aiki ɗaya suke nema, wato dacewa da tafiyar rana, kuma ta biyu ta fi ta farko daidaito. Duk da haka Ingila ba ta karɓe ta ba sai a 1752, Rasha kuwa sai a 1918.

Al'amarin ya bambanta idan aka ce a kwatanta wannan kalanda da ta Hijira. Shekarar Hijira wata 12 ce ta lissafin jinjirin wata, kwana 354 ko 355, ta gaza shekarar rana da kimanin kwana 11. Saboda haka watan azumi yake zagaya bazara da damina da kaka da hunturu a cikin kimanin shekara 33. Ba a shirya ta domin bin yanayi ba, don haka ba za a ce ta yi kuskure ba idan ba ta nuna wa manomi lokacin shuka ba. Bahaushe yana riƙe da duka biyun, kowace a muhallinta. Sharaɗin (a) bai cika a nan ba, sai dai a bayyana bambanci, a bar maganar fifiko.

7.6 Misali daga Tarihi: Ajami da Boko

Wannan misali ya fi kusa da malamin Hausa. An daɗe ana rubuta Hausa da haruffan Larabci, wato Ajami, kuma da shi malaman jihadi na ƙarni na 19, irin su Nana Asma'u, suka rubuta waƙoƙinsu na Hausa. Rubutun Boko ya faro ne daga ayyukan 'yan mishan irin su J. F. Schön, wanda ya wallafa nahawun Hausa a 1862. Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nassarawa ta Kano a 1909, ya kuma fitar da ƙa'idojin rubutun Hausa a 1912. A shekarun 1930 aka shigar da baƙaƙe masu ƙugiya, wato ɓ da ɗ da ƙ.

Idan aka auna su da ma'aunin wakiltar sautukan Hausa, kowanne yana da inda ya fi. Boko yana da harafi ga kowane ɗaya daga wasulan nan biyar, yayin da Ajami ya gaji wasali bisa da wasali ƙasa da rufu'a, ya ƙara da yamala domin /e/, amma /o/ da /u/ sukan yi tarayya a rufu'a. Haka kuma marubutan Ajami da yawa da harafi ɗaya suke rubuta /b/ da /ɓ/, kuma salon rubutun yakan bambanta daga malami zuwa malami. A ɗaya ɓangaren, Ajami yana iya nuna tsawon wasali, abin da daidaitaccen rubutun Boko ba ya yi. Gari na zama da gari na tuwo siffa ɗaya suke da ita a Boko, amma a Ajami alif yana raba su. A wajen karin sauti kuwa, duk biyun sun gaza: kuka na hawaye da kuka ta miya ba mai rarrabe su sai ma'anar jimla.

Me ya sa Boko ya yi rinjaye a makaranta da ofis? Dalilin yana ga hukuma. Gwamnatin mulkin mallaka ce ta zaɓe shi, ta sa shi a makarantunta, ta buga littattafai da shi, kuma da shi jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Zariya a 1939. Bayan samun 'yanci aka ci gaba da daidaita shi a tarurruka irin na Bamako a 1966 da na Yamai a 1980, gatan da Ajami bai samu ba. Duk da haka Ajami yana nan a makarantun allo da wasiƙu da takardun naira 200 da 500 da 1,000. Wannan shi ne sharaɗin (d): rinjayen abu hujja ce a kan ƙarfin masu goya masa baya, ingancinsa kuwa sai an auna shi daban.

7.7 Yadda Za a Koyar

Malami ya fara da abubuwan da ɗalibai suka sani, kamar randa da firji, ko takin gargajiya da na zamani. Ya zana jadawali mai gida uku a allo, gida ɗaya na ma'auni, biyu na abubuwan da ake aunawa, ya bar ɗalibai su kawo ma'aunan da kansu. Daga nan kowane layi na jadawalin ya zama sakin layi guda, a riƙa amfani da mahaɗai irin su amma, yayin da, alhali, haka kuma, a ɗaya ɓangaren. Hukunci ya zo a ƙarshe, kuma ya ambaci ga wa da kuma a ina abin ya fi. Wajen ba da maki, kada malami ya duba ko ɗalibi ya goyi bayan ra'ayinsa. Ya duba ko ya auna ɓangarorin biyu da mudu ɗaya.

7.8 Kammalawa

An ga cewa jimlar kwatance a Hausa tana da gurbin ma'auni, kuma ingancin insha'in kwatance ya rataya a kan cika wannan gurbi. Misalan da aka kawo sun nuna hukunci yana iya canzawa idan wuri ko zamani ya canza, yana iya yankewa sarai idan aikin ɗaya ne, yana kuma iya zama ba shi da muhalli idan aikin ya bambanta. Yaron da ya koyi wannan a aji zai yi amfani da shi ranar da za a tambaye shi wane iri zai shuka, ko wane magani zai ba ɗansa.

7.9 Tambayoyi

1. Kawo jimlolin kwatance biyar, ka ja layi a ƙarƙashin ma'aunin kowace.
2. Me ya sa Nijeriya take amfani da rigakafin shan inna iri biyu?
3. Bayyana dalilin da ya sa ake iya fifita kalandar Giregori a kan ta Kaisar, amma ba a iya fifita ta a kan ta Hijira.
4. Kawo kalmomi biyar masu tagwan ma'ana a rubutun Boko waɗanda tsawon wasali ne ya raba su.
5. Tsara darasi na minti 40 a kan insha'in kwatance domin aji biyu na babbar sakandare.