NOMAN NAMAN KAZA A CIKIN GARI

Darasi domin Hakimai da Magatakarda na Karaye da Rogo

A shekarar 2024 Gwamnatin Jihar Kano ta kafa Masarautar Karaye mai daraja ta biyu, ta haɗa Karaye da Rogo. Ƙasar noma ce, ga kuma ruwan madatsar Challawa da aka gama a 1992. Amma a cikin garuruwa akwai mata da samari waɗanda ba su da gona. To, naman kaza ba ya bukatar gona. Ɗaki guda ya isa.

1. Abin da yake. Ɗan'uwan laimar kwaɗi ne da ke fitowa a jeji da damina. Cikin na jeji akwai masu dafi har su kashe mutum, kuma dafuwa ba ta kawar da dafin. Saboda haka ba a ɗebo iri daga jeji. Sai a nema wurin masana, kamar ma'aikatar bincike ta FIIRO da ke Oshodi a Legas.

2. Yadda ake nomansa. Abincinsa shi ne abin da manomi ke zubarwa, watau karan shinkafa, totuwar masara da dusar katako. A yayyanka, a jiƙa, a turara cikin ganga awa biyu ko fi domin a kashe ƙwayoyin ruɓa. In ya huce, a cakuɗa da iri da hannu mai tsabta, a cusa cikin leda, a huhhuda, a ajiye a duhu. Bayan kamar mako uku farar saƙa za ta mamaye ledar. Sa'an nan a ba shi iska da ɗan haske, a riƙa yayyafa ruwa. Leda guda takan ba da girbi sau biyu ko uku.

3. Lokaci. Yana son laima da sanyi-sanyi. Damina ta fi dacewa. Da hunturu sai a ƙara ruwa, gama iska ta bushe. Zafin bazara yana kashe shi.

4. Aikin Hakimi. Naman kaza abinci ne mai gina jiki, amma ɗanyensa ba ya wuce kwana biyu ko uku sai ya lalace. Lalle ne Hakimi ya tabbata an sami mai saye tun ba a shuka ba, abin da ya rage kuma a shanya. A fara da ƙungiya ɗaya, kada talakawa su ci bashi a kan sana'ar da ba su ƙware ba. Magatakarda ya rubuta kuɗin iri, ranar shuka, nauyin girbi da ciniki. Da wannan lissafi za a san ko a faɗaɗa aikin ko a dakata.

Allah ya sa a dace.