Gidan Makir da Teburin Sarki

Karatu: 2 Sama'ila 4:4, 9:1-13

Idan ka karanta sura ta 9 har ƙarshe, ka dakata a aya ta 13. Mefiboshet yana zaune a Urushalima, yana ci a teburin sarki kullum, amma surar ta rufe da tuna mana cewa har yanzu gurgu ne, ƙafa biyu. Bai warke ba. Wannan aya tana da nauyi a kanmu, mu da muka gaskata da warkarwa, muke ɗora wa marasa lafiya hannu, muka kuma ga amsar Allah da idanunmu. To, yaya za mu yi da yaron da aka yi wa addu'a, aka yi azumi dominsa, aka shafa masa mai, amma har yau bai tashi ya taka ba?

Shekarar Mefiboshet 5 sa'ad da labari ya zo daga Yezreyel cewa an kashe kakansa Saul da mahaifinsa Jonatan. Mai renonsa ta ɗauke shi ta gudu, garin sauri ya faɗi, ya gurgunce. Ka lura, Nassi bai ɗora wa kowa laifi ba. Matar nan ƙoƙarin cetonsa take yi. Haka yake da yawancin yaran da ke cikinmu. Wani shan inna ne ya shanye masa ƙafa, wani sanƙarau ya bar shi kurma, wata ƙyanda ta taɓa mata ido. Wani kuwa doguwar naƙuda ce, ko shawarar jarirai da ba a kai asibiti da wuri ba, ta taɓa ƙwaƙwalwarsa. Duk da haka sai ka ji ana raɗa a bayan uwar, wai la'ana ce, wai wani abu iyayen suka yi. Almajiran Yesu ma sun yi wannan tambaya a kan mutumin da aka haifa makaho, a Yahaya sura 9, Ubangiji kuwa ya wanke mutumin da iyayensa gaba ɗaya. Wanda Yesu ya wanke, kada bakinka ya shafa masa baƙi.

Da Dawuda ya tambayi inda ɗan Jonatan yake, aka ce yana Lodebar, a gidan Makir ɗan Ammiyel. Mun cika wuce wannan suna da sauri don mu kai ga sarki. Ka yi tunani: jikan tsohon sarki ne, gurgu, ba gona, ba gādo, sabon sarki kuma yana kan gadon sarauta. Mai lissafin riba ba zai ajiye irin wannan baƙo ba. Makir ya ajiye shi. Kafin teburin sarki, tuwon gidan Makir ne ya riƙe ran Mefiboshet, babu mai yi masa kirari. Halinsa ne kuwa, gama a sura 17 shi ne muka sāke gani a Mahanayim yana cikin masu kawo wa Dawuda shimfiɗu da abinci, lokacin da sarki yake gudun ɗansa Absalom.

Dawuda kuma bai jira a kawo masa kuka ba, shi ya tambaya ko akwai wanda ya ragu. Ina roƙonka ka riƙe wannan, domin irin yaran nan ba sa zuwa gaban bagade. Suna cikin ɗakin baya. Na taɓa kai ziyara gidan wata 'yar'uwa mai ƙwazo a zumuntar mata, wadda ta daina zuwa sujada. Muna cikin gaisuwa na ji motsi a ɗaki. Ashe tana da ɗa wanda ya kai shekarun makaranta, ba ya iya zama da kansa. Na tambaye ta dalilin da ba ta taɓa faɗa mana ba. Ta sunkuyar da kai ta ce, “Baba, ai kai ka yi wa'azi ka ce duk mai bangaskiya zai koma gida da mu'ujizarsa. Ni na koma da ɗana yadda na zo da shi, sai na ga kamar ni ce ba ni da bangaskiya.” Na rasa abin faɗa. Ban daina yi wa yaron addu'ar warkewa ba, ba kuwa zan daina ba, amma ranar na gane cewa na koya wa jama'a su jira mu'ujiza, ban koya musu abin da za su yi wa yaro suna cikin jiran ba.

Dubi abin da sarki ya yi. Ya kira shi da sunansa, ya ce kada ya ji tsoro. Mutumin da ya kira kansa mataccen kare, sarki ya zaunar da shi kamar ɗaya daga cikin 'ya'yansa. Sa'an nan ya mayar masa da gonakin Saul, ya sa Ziba da 'ya'yansa 15 da bayinsa 20 su riƙa nome su suna kawo amfanin. Wato Dawuda ya yi tsari wanda zai ci gaba ko bayan tausayin ranar ya huce. Ya yi haka ne saboda alkawarin da ke tsakaninsa da Jonatan tun a 1 Sama'ila 20.

A nan ne yawancinmu muke faɗuwa. Muna kai buhun shinkafa lokacin Kirsimeti, mu ɗauki hoto, mu tafi. Allah ya sa albarka a shinkafar, amma yaro mai farfaɗiya maganinsa na kullum ne, idan aka yanke shi farat ɗaya ciwon yakan dawo, wani lokaci da ƙarfi. (Farfaɗiya kuma ba a ɗaukarta ta yawu ko ta taɓawa, ku daina janye 'ya'yanku daga kusa da shi.) Keken guragu yakan lalace, yaro kuma yakan girma ya fi ƙarfinsa. Makahon yaro yana iya koyon karatu da rubutun makafi. Makarantar makafi ta Gindiri a Jihar Filato tana wannan aiki tun 1953. Sai dai kuɗin mota da kayan makaranta kowane zango suke zuwa. Jaririn da aka haifa da lanƙwasasshiyar ƙafa ana iya miƙe ta da filasta idan an fara da wuri, amma sai an yi ta komawa asibiti mako mako, iyaye da yawa kuwa kuɗin mota ne ke karya su a tsakiyar hanya.

Saboda haka idan Ruhu Mai Tsarki ya taɓa zuciyarka, ka ɗauki yaro ɗaya, ka zauna da iyayensa ka tambaye su abin da ya fi damunsu, kada ka yanke musu. Ka ɗauki abin da ƙarfinka zai kai kowane wata, ko da kaɗan ne, ka faɗa musu har yaushe. Gara ƙaramin alkawari da aka cika da babba da aka bari a wata na uku. Idan ya fi ƙarfinka, ku haɗu ku biyar a ƙungiyar addu'arku. Wadda ba ta da kuɗi tana iya zama da yaron ran Lahadi ɗaya a wata, uwar ta samu ta shiga sujada. Kada kuma ku tsai da yaron a gaban jama'a don a tara masa baiko, ko ku baza hotonsa a waya ba da yardar gidansu ba.

Ku dubi ƙofar majami'arku ma. Tun 2019 Nijeriya take da dokar hana nuna wa masu nakasa bambanci, wadda ta ce a gyara gine-ginen jama'a yadda za su iya shiga. Abin kunya ne a ce doka ta riga ikkilisiya. Idan matakala ce kaɗai a ƙofar, ku yi magana da dattawa wannan mako a zuba gangara da siminti.

Addu'a: Ya Uba, ka nuna mini yaron da ke ɗakin baya a unguwarmu. Ka miƙa hannunka ka warkar da shi, ka kuma ba ni aminci in riƙe abin da na ɗauka dominsa wata bayan wata. Cikin sunan Yesu. Amin.