Ku Ji Bakinku da Kunnenku

'Ya'yana da jikokina na Dindir da ƙauyukan bakin kogi, Allah ya yi muku albarka.

Magabatanmu da suka biyo Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru bayan yaƙin Burmi na 1903, da alhazan da suka yada zango a hanyar Makka, ba da Larabcin Sudan suka zo ba. A kasuwa da gona suka tsince shi, ana yi musu dariya suna maimaitawa, har bakinsu ya faɗa. Turanci ma da baki ake samunsa, sai dai a nan abokin hira ya yi wuya. Tun da aka mayar da karatun jami'o'i Larabci a 1990, Turanci ya koma darasin jarrabawa, ga kuma yaƙin 2023 da ya rufe makarantu. Shi ya sa za ka ga yaro ya iya rubutu, amma a ce ya yi magana sai ya daskare.

To, wayar da ke hannunku ta isa. Ku jingina ta, ku ɗauki kanku bidiyo na minti biyu. Wannan ba ya bukatar intanet. Ku faɗi abin da kuka sani da Turanci: yadda ake yankan riɗi, cikowar kogi da damina, ko namun gandun dajin Dindir da aka keɓe tun 1935. Kada ku riƙe takarda. Almajiri ma idan ya zo hadda, kife allo yake yi.

Sannan ku kalla da haƙuri. Bahaushe kan haɗa "p" da "f", mai Larabci kan mai da "p" zuwa "b", ku kuwa kun gaji duka biyun. Ku gyara abu ɗaya, ku sake ɗauka. Kada ku goge na farko. Bayan wata guda shi zai nuna muku nisan da kuka yi. In an samu sabis, ku tura wa malami ko wanda ya fi ku, domin mutum ba ya jin duk kuskurensa.

Ku kiyaye mutunci. Kada a ɗauki kowa ko cikin gidansa ba da izini ba. 'Yan mata, ku nemi yardar iyaye, bidiyon kuma ya tsaya tsakaninku da malama.

Masu dariya ba za su rasa ba, amma mai jin kunyar kuskure ba ya iya harshe. Ku fara yau, ko da jimla biyar ce. Allah ya buɗa muku, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.