Darasi: Daulolin da Suka Mulki Ƙasar Belel da Mubi

Belel tana kudu da Mubi, dab da iyakar Kamaru. Cikin darasin nan za mu duba waɗanda suka riƙi wannan ƙasa bi da bi, domin mu san tushen zaman da muke yi da juna.

1. Mutanen duwatsu. Tun dā can Fali da Gude da Nzanyi da Margi da Higi suna zaune bisa duwatsun Mandara da gindinsu. Sukan yi gonaki hawa-hawa, su tare ƙasa da jerin duwatsu don kada ruwa ya kwashe ta. Mutanen Sukur, wajen Madagali, sun yi suna wajen narka tama. Sarkinsu ana ce da shi Hidi, fadarsa ta dutse kuwa tana nan har wa yau.

2. Barno da Mandara. Waɗannan dauloli biyu suna arewa da mu. Gidan Saifawa ya yi sarautar Barno ɗaruruwan shekaru, bai ƙare ba sai 1846. Daga can dawaki da kanwa sukan zo, ƙarfe da bayi kuwa su tafi can.

3. Fombina. A 1809 Modibbo Adama ya karɓi tuta daga Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ya kafa Fombina, watau ƙasar kudu da Fillanci. Ya fara zama a Gurin, kāna ya kafa Yola a 1841. Waɗansu kabilu suka yi amana suna ba da gandu, waɗansu suka hau dutse inda doki ba ya iya binsu.

4. Turawa. A 1901 Turawan Ingila suka ci Yola, amma Mubi da Belel suka faɗa hannun Jamus. Bayan yaƙin 1914 zuwa 1918 aka raba Kamaru tsakanin Ingila da Faransa, yankinmu ya koma wurin Ingila a kan amana. Cikin watan Fabrairu 1961 mutane suka jefa ƙuri'a, ran 1 ga Yuni aka haɗa ƙasar da Nijeriya, aka sa mata suna Lardin Sardauna.

Mu lura fa: wanda aka haifa a Belel a 1895, ya rayu har 1961, ya zauna ƙarƙashin Lamiɗon Yola da Jamus da Ingila da Nijeriya, ko taki ɗaya bai ƙaura ba. Jikokin waɗanda suka kai hari da na waɗanda aka kai wa hari, yau kasuwa ɗaya suke ci. Saboda haka kada kowa ya rena maƙwabcinsa domin mulkin kakanni, gama mulkin nan ya shuɗe.

Tambayoyi

1. Don me mutane suka hau duwatsu sa'ad da mahaya suka zo?
2. Wane labarin zamanin Jamus tsofaffin garinku suka bar muku?
3. Ƙaƙa za mu faɗa wa 'ya'yanmu labarin hare-haren dā ba tare da mun gadar musu da gaba ba?