Ranar da Kwamfutar Yayana ta Kasa Ganin Faifanta: Darasi kan Saita Na'urorin Ajiya a Kanel ɗin Linux

Wannan darasi na koye shi ne da gumin goshi, shi ya sa na ga ya dace in rubuta shi kafin mu bar makaranta, ko wani zai tsira daga abin da ya same ni.

Yayana yana da shagon buga takardu a Rigasa, kan hanyar da ke zuwa tashar jirgin ƙasa. Akwai wata tsohuwar kwamfuta ta gwanjo a shagon, ram ɗinta giga 2 kacal, kuma a cikinta ake ajiye takardun kwastomomi: wasiƙun neman aiki, katin biki, furojet na ɗalibai. Ni na sa mata Linux bara. Da lokacin furojet ɗina ya zo, sai na ce bari in gina mata kanel ƙarami wanda ya dace da ita, in yi amfani da sakamakon a rubutuna. Na gina, na girka, na sake kunna ta. Sai allo ya cika da rubutu, ya tsaya cak a kan wannan layi:

Kernel panic - not syncing: VFS: Unable to mount root fs on unknown-block(0,0)

Yaya ya leƙo ya ce, "Kai, me ka yi mata? Akwai matar da za ta zo karɓar takardunta bayan azahar fa." Na ce, "Yaya, ka yi haƙuri, ba abin da ya goge." Wallahi a lokacin ni kaina ban tabbata ba.

Mene ne na'urar bulok?

Kanel shi ne zuciyar tsarin da ke tafiyar da kwamfuta, shi ke tsakanin manhajoji da ƙarafan na'ura. Na Linux, wanda Linus Torvalds ya fara a 1991 yana ɗalibi a Helsinki, shi ne kuma ke cikin wayoyin Android da ke aljihunmu. A wurinsa, yawancin na'urori iri biyu ne. Akwai waɗanda bayanai ke zuwa daga gare su a jere kamar ruwan famfo, ba ka iya tsallakawa ka ɗauko na gaba, misali abin da ake bugawa a kibod. Akwai kuma na'urorin bulok, waɗanda aka yanka ajiyarsu gida-gida daidai wa daida, yawanci bayit 512 ko 4096, kowane gida da lambarsa. Kamar rumfunan kasuwa ne masu lamba: in kana son rumfa ta 700, ba sai ka shiga 699 da ke gabanta ba. Faifan ajiya, fulash, memorin waya, duk na'urorin bulok ne.

Buɗe tamina ka rubuta:

ls -l /dev/sda

Za ka ga layin ya fara da harafin b, alamar bulok ke nan, sannan ka ga lambobi biyu, 8 da 0. Ta farko tana nuna rukunin direban, ta biyu tana nuna wace na'ura ce a rukunin. Yanki na farko na faifan, wato sda1, shi ne 8 da 1. Faifai na biyu, sdb, yana farawa daga 8 da 16. Riƙe waɗannan lambobi, za su yi mana amfani a gaba.

Sarƙa mai zobe biyar

Kafin kanel ya karanta fayil ko ɗaya daga faifai, sai abubuwa biyar sun cika. In ɗaya ya ɓace, sauran huɗun ba su da amfani. Ana saita su ne ta hanyar shiga jakar da ka zuba tushen kanel ka rubuta make menuconfig. A ciki, danna alamar / ka rubuta sunan abin da kake nema, zai nuna maka inda yake.

Na farko, CONFIG_BLOCK. Shi ne ginshiƙin duk wata na'urar bulok. A kunne yake zuwa, kada ka taɓa shi.

Na biyu, direban mahaɗar da faifan ke jone da ita. Kada ka yi hasashe, tambayi kwamfutar tun tana kan tsohon kanel: rubuta lspci -k ka duba direban da ake amfani da shi. In ka ga ahci, to CONFIG_ATA da CONFIG_SATA_AHCI kake buƙata. Wasu tsofaffin kwamfutoci masu kayan Intel suna nuna ata_piix, sai ka kunna CONFIG_ATA_PIIX. Sababbin laftof masu faifan NVMe suna buƙatar CONFIG_BLK_DEV_NVME. Fulash yana buƙatar CONFIG_USB_STORAGE tare da direban mahaɗar USB ɗin.

Na uku, direban faifan kansa. A nan na faɗi. Na ga wani layi mai suna SCSI disk support, na ce a raina ai SCSI kayan manyan sabobi ne na zamanin da, me tsohuwar kwamfutar shago za ta yi da shi? Na kashe. Ashe a Linux, faifan SATA da fulash duk ta ƙofar SCSI suke bi kafin su bayyana, shi ya sa ma sunansu ke farawa da sd. Ba tare da CONFIG_BLK_DEV_SD ba, kanel zai ga mahaɗa, zai ma gane akwai faifai a jone, amma sda ba zai taɓa fitowa ba. Katin memori a na'urori da yawa yana da tasa hanyar, CONFIG_MMC da CONFIG_MMC_BLOCK, kuma sunansa mmcblk0.

Na huɗu, teburin rabon faifai. Tsofaffin kwamfutoci suna amfani da MBR, wato CONFIG_MSDOS_PARTITION, sababbi kuma GPT, wato CONFIG_EFI_PARTITION. Bar su duka a kunne, ba su da nauyi.

Na biyar, tsarin fayil. Rubuta lsblk -f ka ga wanda ke kan yankin da tsarin ke zaune. Namu ext4 ne, don haka CONFIG_EXT4_FS. In kwastomomi za su riƙa kawo fulash kamar a shagon Yaya, ƙara CONFIG_VFAT_FS, da CONFIG_EXFAT_FS wanda ya zauna daram a kanel tun fitowar 5.7 a 2020, da CONFIG_NTFS3_FS wanda ya shigo a 5.15 a 2021. Shi VFAT yana kuma buƙatar teburan haruffa, CONFIG_NLS_CODEPAGE_437 da CONFIG_NLS_ISO8859_1, in ba haka ba fulash zai iya ƙin hawa.

Makulli a cikin ɗakin da aka kulle

Yawancin waɗannan zaɓuɓɓuka suna karɓar amsa uku. Y na nufin a gina shi cikin jikin kanel. M na nufin a yi shi modul, wato fayil daban da za a ɗauko idan buƙata ta taso. N na nufin a bar shi.

To ga tambaya: ina ake ajiye modul? A kan faifai, cikin /lib/modules. In ka mai da direban faifan modul, kanel yana buƙatar direban don ya karanta faifan, direban kuma yana kan faifan. Ka kulle ɗaki ke nan, makullin yana ciki.

Mafita biyu ce. Ko dai duk abin da ake buƙata don isa ga yankin da tsarin ke zaune ka ba shi Y, ko kuma ka yi amfani da initramfs, wani ɗan ƙunshi da GRUB ke lodawa cikin ram tare da kanel, ɗauke da modul ɗin da ake buƙata. Ubuntu da Debian da Fedora hanya ta biyu suke bi, domin kanel ɗaya ya yi aiki a kan kwamfutoci iri-iri. Ni na zaɓi in tafi ba initramfs don tashi ya yi sauri. In kai ma haka za ka yi, ka sani kanel shi kaɗai ba ya gane root=UUID, domin wannan aikin initramfs ne. Yi amfani da root=/dev/sda1 ko root=PARTUUID.

Yanzu koma kan lambobin nan. In saƙon ya ƙare da 0,0, galibi kanel bai ga na'urar ba sam, sai ka bincika zobe na biyu da na uku, da abin da ka rubuta a root. In ya nuna 8,1, ya ga faifan da yankin, abin da ke ciki ne ya kasa karantawa, sai ka nufi tsarin fayil. Da na san wannan a ranar, da ban ɓata awa guda ina zare waya ina mayarwa ba.

Yadda na fita

Abin da ya cece ni shi ne ban goge tsohon kanel ba. Na sake kunna kwamfutar, na riƙe Shift har jerin GRUB ya fito, na zaɓi tsohon, ta tashi lafiya lau. A wasu kwamfutocin Esc ake dannawa. Takardun matar na nan, ba abin da ya taɓa su, domin kanel da bai ga faifai ba ba zai iya lalata shi ba. Da daddare na kunna SCSI disk support, na sake ginawa, ta tashi.

Ga abin da nake yi yanzu duk lokacin da zan gina kanel. Ina kwashe muhimman fayiloli zuwa wani wuri tukuna. Ba na fara saiti daga babu: ina kwafo fayil ɗin da ke /boot wanda sunansa ya fara da config, in sa masa suna .config, in rubuta make olddefconfig. Sannan in jona duk abin da za a riƙa amfani da shi, fulash, firinta, abin karanta memori, kafin in rubuta make localmodconfig, domin shi modul ɗin da ke aiki a lokacin kawai yake bari. Wannan yana rage lokacin gini sosai. In kuma wuta ta ɗauke ana tsaka da gini, kada hankalinka ya tashi, sake rubuta make zai ci gaba ne ba daga farko ba. Wanda kwamfutarsa ke da ƙarfi ya fara gwadawa a QEMU. In ya zaɓi faifan virtio, sunansa vda, kuma yana buƙatar CONFIG_VIRTIO_BLK da CONFIG_VIRTIO_PCI.

Ƙarin abu biyu ga masu tsofaffin kwamfutoci. CONFIG_ZRAM yana ƙirƙirar na'urar bulok a cikin ram wadda ke matse bayanai. In ka mai da ita wurin musaya, kwamfuta mai giga 2 tana samun sarari ba tare da ta dinga dukan faifai ba. Sannan duba /sys/block/sda/queue/scheduler ka ga mai tsara layin karatu da rubutu. Ga faifai mai juyawa, gwada bfq, wanda CONFIG_IOSCHED_BFQ ke kawowa: an yi shi ne don kada kwafin babban fayil ya hana sauran manhajoji motsi.

Wannan kuskure ya zama babi guda a furojet ɗina, kuma malamin da ke duba aikina ya ce in bar shi yadda yake, kada in ɓoye. Yaya kuwa ya kafa doka: ba na taɓa kwamfutar shago sai bayan isha'i, kuma sai ya ga na kwashe fayilolin da idonsa.

Aikin gida: a kwamfutarka, rubuta lsblk -f da lspci -k, ka fitar da zobba biyar na faifanka a takarda, kowanne da sunan CONFIG ɗinsa. Wanda ya maƙale ya neme ni a ɗakin kwamfuta na sashenmu. Allah ya ba mu sa'ar jarrabawa.